“Ta Yi Kyau” Ba Sakamakon Gwaji Ba Ne: Yadda Ake Gwada Fuskar Manhaja da Kare Ta a Difens

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ND 2 da HND 2 na sashen kwamfuta waɗanda furojek ya hana barci a wannan zangon. Darasin naku ne, amma duk wanda ke tsara abin da mutane za su danna, ko su cike, ko su karanta, ko da fom ɗin ƙungiya ne, zai tsinci abin amfani a ciki.

A duk difens ɗin da na zauna na kalla tun shigowata makarantar nan, akwai tambayar da ba ta fashi ga mai aikin manhaja: “Ka gwada ta da waɗanda za su yi amfani da ita?” Amsar ma kusan ɗaya ce kullum: “Eh Malam, na nuna wa mutane da yawa, duk sun ce ta yi kyau.” Daga nan sai ka ga malamin waje ya sunkuya ya yi ɗan rubutu bai ce uffan ba. Wannan rubutun ba alheri ba ne ga makinka.

Dalili kuwa a fili yake. Mu mutane ne masu kara. Ka kwana uku kana aiki, idonka ya yi ja, ka miƙa wa abokin ɗakinka waya kana murmushi ka ce ya ya gani, to me kake so ya ce? “Kai, ta yi kyau wallahi” zai ce, ko da bai gane ta inda ake shiga ba. Gwaggonka ma haka za ta ce, har da sa albarka. Yabon zumunci ne, yana da daɗin ji, amma ba ya gaya maka komai game da manhajar. Mai gaya maka gaskiya shi ne yatsan mutum: inda ya danna, inda ya tsaya yana shawagi a kan allo, inda ya koma baya. Gwajin sauƙin amfani shi ne ka ba mutum aiki, ka yi shiru, ka kalli yatsansa. Gabatarwa a gaban malamai kuma rahoto ne na abin da ka gani da abin da ka gyara.

Mene ne ake gwadawa?

Mu fara da raba abubuwa biyu da ake yawan gwamutsawa. Akwai gwajin da ke tabbatar da cewa manhaja tana aiki: an danna madanni, bayani ya tafi rumbun ajiya, lissafi ya fito daidai, ba ta tsaya cak ba. Wannan tsakaninka da kwamfuta ne. Akwai kuma gwajin da ke tambayar ko mutumin da bai gina ta ba zai iya biyan buƙatarsa da ita ba tare da an tsaya a kansa ba. Manhaja tana iya cin na farko ɗari bisa ɗari, ta faɗi na biyu warwas.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 9241-11, wadda ta fara fitowa a 1998 aka sabunta ta a 2018, ta rataya sauƙin amfani a kan abubuwa uku. Na farko, shin mutum ya cim ma abin da ya zo yi, daidai kuma cikakke? Na biyu, lokaci nawa da wahala nawa abin ya ci masa? Na uku, ya gamsu, ko ya tashi da ɓacin rai? Sannan ta ɗaure ukun da sharaɗi: wasu mutane takamaimai, masu wata buƙata takamaimiya, a wani yanayi da aka ƙayyade. Ku riƙe sharaɗin nan da kyau, don malamai suna son jin sa. Manhajar da ke da sauƙi a laftof cikin laburare tana iya zama azaba a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a rumfar kasuwa da azahar, rana na dukan allo.

Abin ya wuce zaɓen launi

Wasu na ɗauka tsara fuskar manhaja kwalliya ce kawai. Ga labari biyu daga Amurka da ake yawan kawowa a wannan fanni.

A zaɓen shugaban ƙasa na watan Nuwamba 2000, gundumar Palm Beach a jihar Fulorida ta yi amfani da takardar ƙuri'a mai shafi biyu, sunayen 'yan takara a hagu da dama, ramukan da ake hudawa kuma a jere a tsakiya. Niyyar mai kyau ce, an ƙara girman rubutu ne don tsofaffi su iya karantawa, shi ya sa sunayen suka cika shafi biyu. Sai dai sunan Al Gore shi ne na biyu a shafin hagu, raminsa kuwa na uku ne. Rami na biyu na Pat Buchanan ne, wanda sunansa ke shafin dama. Buchanan ya tashi da ƙuri'a 3,407 a gundumar, shi kansa ya ce yana jin da yawa ba shi aka nufa ba. An kuma soke sama da ƙuri'a 19,000 saboda an huda fiye da rami ɗaya. George W. Bush ya ci jihar da tazarar ƙuri'a 537 kacal, kuma da ita ya hau kujerar.

Na biyu ya faru ranar 28 ga Maris 1979 a tashar wutar nukiliya ta Three Mile Island. Wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya injin yana zirarewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta sa sun ɗauka ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an ba shi umarnin rufewa. Sun fi awa biyu kafin su tsayar da zubar ruwan. Ku lura da wannan tazarar tsakanin “an aika” da “ya isa”. A ƙasar da sabis ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, kowace manhajar da za mu gina sai ta yi karo da ita.

Misalin da za mu bi

A zangon da ya wuce wata 'yar ajinmu ta gina manhajar adashe, ni kuma na riƙe mata biro da takarda lokacin gwaji. Manhajar ta uwar adashe ce: ta rubuta sunayen masu zubi, ta shigar da zubin kowa, ta ga wadda ba ta zuba ba, ta san wadda ɗauka ta zo kanta. Kuɗin mutane ne da amanarsu. In aka rubuta zubin wata da sunan wata, rigimar da za ta biyo baya tana iya raba maƙwabtakar shekaru. Da wannan misalin zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Wa za ka kira, kuma mutum nawa?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwadawa da 'yan aji. Ɗan sashen kwamfuta ya san layukan nan uku na kusurwa suna ɓoye jerin zaɓi, ya san hoton tsohon faifan kwamfuta yana nufin ajiyewa. Mai sayar da atamfa da ke riƙe adashen mutum ashirin ba dole ta san wannan ba, kuma ba laifinta ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Don haka 'yar ajin tamu ta nemo mata biyar da ke riƙe da adashe da gaske: 'yan kasuwa biyu, tela ɗaya, malamar firamare, da wata ɗaliba mai haɗa adashe a hostal.

Me ya sa biyar? A 1993 Jakob Nielsen da Thomas Landauer suka wallafa wani lissafi da suka samo daga gwaje-gwaje da dama. Sun gano cewa a matsakaici, mutum ɗaya yana fallasa kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin da ke cikin tsari. Na biyu zai maimaita wasu ya ƙaro wasu, su biyun su kai kusan kashi 52. Uku sun kai kashi 67. Biyar kuwa sun doshi kashi 85. Daga nan sai ka tarar kana ta kallon matsala ɗaya tana maimaituwa. Shi ya sa a wani rubutu da ya yi a 2000, Nielsen ya ce in kana da halin kiran mutum 15, gara ka raba su gida uku: ka gwada da biyar, ka gyara, ka sake gwadawa da wasu biyar, ka sake gyarawa.

Amma fa a yi hattara. Biyar ɗin nan na gano matsala ne, ba na fitar da alƙaluma ba. Sannan in masu amfani da manhajarka iri biyu ne da aikinsu ya bambanta, kamar likita da majinyaci, ko uwar adashe da mai zubi, kowane ɓangare sai ka nemo masa mutum uku ko huɗu.

Rubuta aiki, ba umarni ba

Kafin ranar gwaji, zauna ka rubuta ayyuka huɗu zuwa shida. A nan ne da yawa ke ɓata gwajin tun kafin a fara. Dubi waɗannan biyun.

Na farko: “Danna madannin Ƙara Zubi, ki zaɓi suna, ki shigar da 2,000.”

Na biyu: “Yau Juma'a, mai kayan miya ta aiko yaro da zubinta, naira 2,000. Ki rubuta shi yadda ba za a manta ba.”

Na farko ya riga ya ba da amsa, abin da kake gwadawa da shi kawai ko ta iya karatu. Na biyu ya ba ta yanayi irin na rayuwarta ya bar ta ta nemo hanya. Ƙa'idar ita ce kada kalmar da ke kan allo ta fito a cikin aikin. Kowane aiki kuma ya kasance yana da ƙarshe sananne, ka rubuta tun farko abin da za ka kira nasara, don kada tausayi ya sa ka sassauta daga baya. Fara da mai sauƙi don hankalin mutum ya kwanta.

Kada kuma ka jira sai ka gama rubuta kod. Ana gwaji da zanen takarda: ka zana kowane allo a fallen takarda, mutum ya taɓa da yatsa, kai kuma ka sauya masa falle kamar kai ne wayar. Ana yi da samfurin Figma. Gyaran zanen fensir minti biyar ne, gyaran manhajar da aka gama kuwa mako biyu kafin difens, wanda ya taɓa yi ya san zafinsa. Tun ran gini tun ran zane.

Ranar gwaji

Ku je ku biyu, ɗaya ya jagoranta, ɗaya ya yi rubutu. In da hali a yi a wurin mai gwajin, da wayarta, da sabis ɗin unguwarta. In cikin gida za a shiga wurin matan aure, a nemi izini tukuna, mace ta jagoranta. Ku sa sunaye da kuɗaɗen ƙarya a cikin manhajar, kada a taɓa bayanan kowa na gaske. In za ku ɗauki murya ko bidiyo, ku nemi yarda a fili, ku faɗi inda za a nuna shi. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma ko babu doka, mutunci ya isa dalili. Kyamara ta kalli allo da hannu, ba fuska ba. A rahoto a kira su Mai Gwaji 1, Mai Gwaji 2.

Jawabin buɗewa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ga irin abin da 'yar ajinmu ta riƙa cewa: “Hajiya, ba ke muke gwadawa ba, wannan abin muke gwadawa. In kika rasa hanya, laifinsa ne, kuma shi muka zo nema. Duk aibin da kika nuna mana, maki kika ƙara mana.” Jimlar ƙarshen nan ita ke kwance ɗaurin kara, don ta mayar da suka ta zama taimako.

Sai ka roƙi mai gwajin ta riƙa faɗin abin da ke ranta tana aiki: “ina neman inda zan sa kuɗin… wannan kamar na gogewa ne… bari in koma.” Wannan dabarar faɗin tunani a fili, Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana yadda ake amfani da ita wajen tsara fuskar manhaja tun 1982. Ta bambanta da yabon da na yi gargaɗi a kai, domin ana faɗin ta ne lokacin da hannu ke aiki, ido na kan allo, ba kan fuskarka ba.

Abin da ya fi wuya shi ne shiru. Za ka ga yatsa yana wuce madannin sau uku, cikinka na tafasa, bakinka na ƙaiƙayi. Daure. In ta ce “nan zan danna?”, ka ce “me kike ganin zai faru in kin danna?” In ta yi tsit, ka ce “me kike nema yanzu?” In ta maƙale har minti uku, ka gode mata, ku wuce aiki na gaba, a rubuta ba a kammala ba. Ranar da manhajar ta shiga hannun jama'a ba ka wurin, to ka saba tun yanzu.

Ga abin da biro na ya kama a gwajin adashen. Fom ɗin rajista yana neman suna da sunan mahaifi, kuma ba ya wucewa sai an cike duka. Uku cikin biyar suka tsaya a nan. Ɗaya ta ce, “Ni Maman 'Yan Biyu na san ta, wa ya san sunan babanta?” Na biyu, in an danna ajiyewa sabis na jan ƙafa, allon ba ya nuna komai, sai biyu daga cikinsu suka sake dannawa, zubi ɗaya ya shiga sau biyu. Na uku, an rubuta “mai ƙosai” da ƙ mai lanƙwasa, malamar firamaren ta nema da k na talaka saboda wayarta ba ta da ɗayan, manhajar ta ce babu wannan sunan. Da aka gama kuwa, duk su biyar suka ce ta yi kyau, har da wadda ta kasa kammala ayyuka biyu.

Gyaran bai ɗauki mako ba. Aka mayar da gurbin suna guda ɗaya mai taken “Sunan da kika san ta da shi”. Aka sa madannin ya kulle da zarar an danna, ya nuna “Ana aikawa…”, kuma kada ya ce “An ajiye” sai rumbun ya tabbatar. Aka sa bincike ya ɗauki k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ a matsayin abu ɗaya. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da za a iya hangowa daga kan benci a hostal.

Mayar da abin da ka gani hujja

Da an dawo, tun abin na da ɗumi, ku zauna ku yi jadawali biyu. Na farko, ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, masu gwaji daga hagu zuwa dama, kowane gurbi a rubuta ko an kammala, ko an kammala da ƙyar, ko an kasa, tare da lokacin da aka ɗauka. Na biyu, jerin matsaloli: mene ne ya faru, a wane allo, mutum nawa ya sama, kuma yaya tsananinsa. Nielsen yana da ma'aunin tsanani daga 0 zuwa 4: 0 ba matsala ba ce, 1 ta kwalliya ce, 2 ƙarama, 3 babba, 4 kuwa bala'i ce da ba a sakin manhaja sai an gyara ta. Wajen ba da lamba ka duba yawan faruwarta, da girman ɓarnarta, da ko mutum yana iya koyon kauce mata. Zubi ya shiga sau biyu, ai 4 ne babu jayayya, ko da mutum biyu kawai ya sama.

Wajen rubuta sakamako ka ce “3 cikin 5”. Kada ka ce “kashi 60 na masu amfani”, don malamin lissafi na cikin kwamitin yana jiran ka.

Gamsuwa kuma akwai ma'auninta da ake kira SUS, wanda John Brooke ya ƙirƙira a 1986 lokacin yana aiki a kamfanin Digital Equipment a Ingila. Jimloli goma ne, mutum ya zaɓi daga 1, sam ban yarda ba, zuwa 5, na yarda sosai. Jimlolin masu lamba mara, wato 1, 3, 5, 7, 9, yabo ne, masu lamba cika kuma suka ne, an yi haka don kada mutum ya bi layi ɗaya yana zaɓar 5. Lissafin: a masu mara ka cire 1 daga amsar, a masu cika ka cire amsar daga 5, ka tara duka, ka ninka da 2.5. In jimillar ta ba ka 29, makin ya zama 72.5. Ba kaso cikin ɗari ba ne, kuma matsakaicin da ake kwatantawa da shi 68 ne. In ka fassara jimlolin zuwa Hausa, ka faɗa a rahotonka. Sannan kada SUS ya danne jadawalin ayyuka. In maki ya yi sama alhali an kasa rabin ayyuka, kara ce ta cike takardar.

Ranar difens

Yawanci minti goma zuwa sha biyar ake bayarwa. Kada ka ƙona uku a kan tarihin kwamfuta da ma'anar intanet, malaman nan su suka koya maka. Ga jerin da na ga yana aiki.

Minti ɗaya zuwa biyu, wace ce mai amfani, kuma mece ce matsalarta? Nuna hoton shafin littafin adashe, da izinin mai shi, sunaye a rufe. Minti biyu, tsarinka na farko da dalilan da suka sa ka yi shi haka. Minti biyu, yadda aka yi gwaji: su wa, mutum nawa, a ina, da wace waya, waɗanne ayyuka. Minti huɗu, matsaloli uku mafi tsanani, kowace da allo ɗaya, tsohon tsari a hagu, sabo a dama, a ƙasa kuma hujjar da ta sa aka canza. Minti ɗaya, sakamakon zagaye na biyu a gefen na farko. Minti na ƙarshe, abin da ya rage ba ka gyara ba.

Na san abin da wani zai ce: “Haba, ni da kaina zan tona asirin aikina a gaban malamai?” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamin da ya shekara yana zaman difens ya san babu tsarin da ke fitowa daidai a zanen farko. Wanda ya ce bai sami matsala ba, abin da ya faɗa a fakaice shi ne bai yi gwaji ba. Bidiyon sakan talatin na yatsa yana kai-kawo a tsohon allo, sannan wani yatsan ya wuce kai tsaye a sabo, ya fi shafi goma na bayani ƙarfi. Gani ya kori ji.

Sai kayan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauki bidiyon manhajar tana aiki tun daga gida, don ranar ce sabis zai ƙi. Ajiye gabatarwar a PDF, a fulashi da waya da imel. Cika laftof da caji, kada ka dogara da wutar hol. Leƙa majigin tun jajibiri ka ga ko HDMI yake karɓa ko VGA. Majigi yana kashe launi, rubutu mai ruwan toka a kan fari ɓacewa yake, kamar yadda yake ɓacewa a waya cikin rana. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafukan intanet ga kowa sun nemi bambancin haske na aƙalla 4.5 zuwa 1 tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa, to ka bi wannan a manhaja da gabatarwa duka. Ka duba ko salon rubutun da ka zaɓa yana nuna ƙ da ɗ da ɓ, don a wata kwamfutar akwatuna ne za su fito. In aikin rukuni ne, kowa ya san ɓangaren ɗan uwansa, malamai sun fi son tambayar wanda ya laɓe a baya.

Tambayoyin da za ka shirya musu ba su da yawa. “Me ya sa mutum biyar kawai?” Kawo lissafin Nielsen da Landauer, ka ƙara da cewa manufarka gano matsala ce. “Ka taimaka musu?” Faɗi ƙa'idar minti uku da ka bi. “Ina hujjar cewa gyaran ya yi amfani?” Nuna zagaye na biyu, ka jaddada cewa da sababbin mutane aka yi, don tsofaffin sun riga sun koyi hanya. In malami ya ce shi launin bai yi masa ba, kada ka yi musu, kada kuma ka rushe. Ka ce, “Na gode Dakta, zan sa shi cikin abin da za a gwada. A zagayen da muka yi dai babu wadda ta tsaya saboda launi.” Ladabi ke nan tare da hujja.

Abin yi a makon nan

In saura wata ɗaya difens ɗinka, lokaci bai ƙure ba. Yau ka rubuta ayyuka biyar. Gobe ka gwada su da mutum ɗaya don ka ga ko ana gane maganar. Kwana uku masu zuwa ka zauna da mutum biyar, rabin awa kowanne, ka tanadi ɗan kuɗin mota ko kati na godiya. Ƙarshen mako ka gyara matsaloli uku mafi tsanani, mako na gaba ka nemo wasu biyar. Ka kai wa sufabaizanka jadawalin biyu kafin ka fara rubuta babi na huɗu, zai gaya maka inda ya kamata su zauna.

Maki zai zo ya wuce, amma bayan an gama makaranta wasu cikinmu za su tsara fom ɗin asibiti, da manhajar biyan albashi, da shafin rajistar ɗalibai. Masu amfani da su ba za su sami damar yi mana tambaya a difens ba. In suka rasa hanya, kansu za su zarga, su ce su ne ba su waye ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gara a gwada tun abin yana hannunmu.

Allah ya ba da sa'a.